Bas ɗin Amurka da Tarwadar Rima: Wane Kaya Mai Fatsa Daga Gaɓa Yake Buƙata?

A zangon karatun da ya wuce, wani dare da aka ɗauke wuta a hostal, mu shida muka taru a kan waya ɗaya muna kallon wani Ba'amurke yana kamun kifi. Yana tsaye a bakin wani tafki mai ruwa garau, ya wurga ɗan kifin roba, ya ɗan girgiza sanda, sai ga ƙaton kifi ya yi tsalle ya cafke. Abokina Bayarabe, wanda ba ya barin Bagobiri ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali, ya juyo ya ce, "Kai, ba ka ce garinku a bakin gulbi yake ba? Me ya hana ka yin irin wannan?" Na yi dariya kawai. Abin da ban faɗa musu ba shi ne na riga na gwada, kuma na sha kunya.

Bayan mun gama watannin koyon aiki na shekarar farko, na tattara ɗan abin da na tara na yi odar kaya ta intanet: sanda mai injin naɗe zare, da akwati cike da kifayen roba masu launi iri-iri. Kuɗin da na zuba zai ciyar da ni wata guda a makaranta. Na isa Sabon Birni cikin watan Agusta, gulbi ya cika ya yi jawur. Kwana uku ina jifa ina naɗewa, ko taɓi ban samu ba, kifayen roba huɗu kuma suka maƙale a saiwoyi suka tafi. Kawuna na zaune nesa kaɗan da sandar gora da gwangwanin tana, jefi-jefi yana ɗago kurungu da tarwada. A rana ta uku ya karɓi ɗaya daga cikin kayan nawa, ya jujjuya shi, ya ce, "Ɗana, wanga kihin naka na da kyau, amma wa za shi ganin shi cikin wanga ruwa? Tarwada ba ido taka bi ba, hanci taka bi."

Maganar nan ce ta sa na zauna na yi karatun da ya kamata in yi kafin in saki kuɗina.

Kifin da muke gani a waɗannan bidiyoyin sunansa bas (ba bas ta haya ba). Asalinsa Arewacin Amurka ne. Mafarauci ne mai ƙaton baki, yana laɓewa a gindin ciyawa ko kututture, idan ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gifta sai ya afka masa. Da ido yake farauta, da kuma jin motsin ruwa a jikinsa. Saboda haka duk kayan da aka ƙera dominsa, dabararsu ɗaya ce: a yaudari idonsa da abin da ke motsi kamar mai rai. An kai irinsa Japan da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da tafkin Naibasha na Kenya, amma ba kifin gulabenmu ba ne. Kuma duk hayaniyar da ake yi a kansa, ba wani girma ne da shi ba. Wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, da ya shafe shekaru da dama ba a kamo wanda ya kai shi ba, kilo 10 ne da 'yar ɗoriya. Sai a 2009 wani ɗan Japan ya kamo kwatankwacinsa a tafkin Biwa. Ka kwatanta da bikin Argungu na 2020, inda kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78, kuma da homa da gora aka fito da shi, ba sanda ba inji.

Idan akwai kifinmu da ya yi kama da bas a hali, to giwan ruwa ne. Shi ma mafarauci ne mai babban baki, shi ma yana bin abin da ke motsi. Sai dai giwan ruwa yana son ruwa mai zurfi wanda ba ya ƙafewa, irin na Kainji ko gurabun ƙasar Kabi. Namu ruwan ba haka yake ba.

Ruwan da ke wucewa ta Sabon Birni taro ne. Na Bunsuru da na Gagare suna gangarowa ta ƙasar Isa. Gulbin Maraɗi kuma ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya dawo gida ya faɗa Rima a yankinmu. Daga nan duka su gangara madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, su wuce Sakkwato. Ruwa ne mai fuska uku. Da damina ya cika ya yi ja da laka, ya malala cikin fadama, kifi ya bi shi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. Da kaka ya fara janyewa ya kwanta, ya ɗan washe. Da rani kuwa yashi ne shimfiɗe, sai gurabu nan da can. Mutumin da ke tsaye a gaɓa, ba jirgi, ba taru, abin da zai fi cin karo da shi su ne tarwada, kurungu, karfasa, wani lokaci ragon ruwa, idan ruwa ya washe kuma tsage, wanda wasu ke kira zawai.

Kowannensu da yadda yake cin abinci, kuma a nan ne zaɓen kaya yake farawa, ba a shago ba. Tarwada ƙananan idanu gare ta, amma gashin bakin nan nata cike yake da abin ɗanɗano, da shi take laluben abinci a ƙasan ruwa, galibi daga magariba zuwa dare. Kurungu ma ɗan ƙasa ne, kuma ba ya wasa da tana. Karfasa ta rana ce, ƙaramin baki gare ta, tana tsintar gansakuka da ƙananan ƙwari a gefen ciyawa. Tsage ne kaɗai a cikinsu yake kora da ido kamar bas. Bargi kuwa kada ka wahalar da kanka, tace laka da ruwa yake yi yana cin ƙananan abubuwa, da wuya ya kula ƙugiyarka.

Mu fara da ƙugiya, domin ita ce mafi arha kuma ita ce aka fi yin kuskure a kanta. Lambobinta a juye suke: lamba 12 ƙarama ce, lamba 6 ta fi ta, lamba 1 ta fi su duka. Daga nan sai lissafin ya sake juyawa, a shiga 1/0, 2/0, 3/0, waɗannan kuma ƙaruwar lamba ƙaruwar girma ce. Kamfanoni ba su daidaita awonsu ba, lamba 8 ta kamfanin Mustad na ƙasar Norwe ba lallai ta zo daidai da lamba 8 ta wani kwali da aka yi a Sin ba, don haka ka duba da idonka. Sabon shiga kullum babbar ƙugiya yake saye, wai shi babban kifi yake so. Sakamakon shi ne karfasa ta yi ta tsattsage masa tana ba tare da ƙarfen ya shiga bakinta ba, shi kuma yana ta fizga a banza. Ƙaramar ƙugiya mai ƙwari tana iya riƙe babban kifi, amma babba ba ta shiga bakin ƙarami. Ni dai abin da nake riƙewa: lamba 10 ko 12 don karfasa, 6 ko 8 don kurungu, daga 2 zuwa 2/0 don tarwada mai ɗan nauyi. Kafin ka ɗaura, ja tsininta a kan farcenka. Idan ta kama farcen, tana da kaifi. Idan ta zame, goga ta a dutse ko ka jefar.

Sai zare. A nan 'yan sashen injiniya za su ji daɗi, domin abin da aka koya mana a aji ne. Ƙarfin zaren roba yana tafiya ne da faɗin bakinsa idan ka yanke shi, ba da kaurinsa kai tsaye ba. Ma'ana idan kauri ya ninka sau biyu, ƙarfi zai ninka kusan sau huɗu. Zare mai kaurin milimita 0.20 yana ɗaukar wajen kilo 3, mai 0.40 kuma ya kai kilo 10 ko ya ɗan wuce. Idan ka ga an rubuta nauyin da fam, kamar yadda Amurkawa ke yi, raba lambar biyu ka ɗan rage, ka samu kilo. To me zai hana kowa ya sayi mai kauri ya huta? Saboda karfasa tana ganinsa a ruwan da ya washe, kuma igiyar ruwa ta fi jan zare mai kauri, sai ta ɗauke maka abincin daga inda ka ajiye shi. Amma a jan ruwan damina, inda tarwada ba ganin zaren take ba, babu dalilin yin rowa. Ka tuna kai a gaɓa kake. Mai jirgi idan kifi ya ja zai iya bin sa. Kai ba ka da wannan damar, kuma tarwada da ta ji ƙarfe saiwa take nufa. Ko dai ka juyo da kanta a cikin daƙiƙun farko, ko ku yi sallama. Don haka 0.35 zuwa 0.45 nake sa mata.

Abu biyu ke kashe zare ba ka sani ba. Na farko rana. Zaren da ya shekara a rataye a rumfar kasuwa yana shan zafin Sakkwato ya riga ya mutu, ko da sabo ne a leda. Ja shi da hannu kafin ka biya, idan ya tsinke ba gardama, bar shi. Na biyu ƙulli. Kusan duk tsinkewar da za ka gani a wurin ƙulli take faruwa. Jiƙa shi da yawu kafin ka ja shi ya ɗaure, domin gogayyar busasshen zare tana ƙona shi. Kuma duk lokacin da ka fito da kifi, bi kamu ɗaya na ƙarshen zaren da yatsa. Idan ka ji kaushi, yanke ka sake ɗauri.

Dalmar da ake sa wa zare don ya nutse, a kanta ina da magana da ba ta kifi ba ce. Na sha ganin yara suna matse ta da haƙori, na kuma ga wanda ya fasa tsohon batirin mota ya narka dalmar a cikin gwangwani a murhun da ake girki. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara bai kamata a tuna mana ba. A 2010 gubar dalma daga wuraren haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Guba ce da ke taruwa a jiki a hankali, ta fi yi wa ƙwaƙwalwar yara illa. Je wurin bakanike ka roƙi tsofaffin noti, ko mataccen fulogin babur. Nauyi dai ake nema, kifi ba ya tambayar da me aka yi shi. Noti ma yana da wata fa'ida: zura zaren ta cikin raminsa, ka ɗaura ɗan tsinke a ƙasa ya tare shi kamu ɗaya ko biyu kafin ƙugiya. Idan tarwada ta ɗauki abinci, zaren zai zame ta cikin ramin ba ta ji nauyi ba, balle ta tofar.

Abin da ke yawo a saman ruwa ya nuna maka an taɓa, wannan kada ka saye shi. Totuwar kara ta isa, ko ɗan yankin tsohon silifas. Ƙarami dai, yadda ɗan taɓi kaɗan zai motsa shi.

Yanzu babbar tambaya: sandar gora ko mai inji? Amfanin inji biyu ne. Yana kai jifa nesa, kuma yana da wani maɗauri da ke sakin zare a hankali idan kifi ya ja da ƙarfi, maimakon zaren ya tsinke. Ana saita shi ya fara saki a kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. A babban ruwa kamar Goronyo, inda zurfin yake can nesa da gaɓa, wannan abu ne mai amfani ƙwarai. Amma a gulbinmu da damina, kifin ba a tsakiya yake ba. Tsakiya igiyar ruwa ce mai ƙarfi. Kifin yana nan gefe, a bakin ciyawa, a bayan kututture, a inda ƙaramin rafi ya shigo, wato taku uku ko huɗu daga ƙafarka. Sanda mai tsawon mita 4 ko 5 tana tsallake ciyawar ta sauke tana daidai inda kake so, tsit, ba fantsama. Ni da injina ina ta wurga kaya can inda babu kowa.

Ga kuma yashi. Ajiye inji sau ɗaya a gaɓar Rima, za ka ji yana ƙara kamar ana niƙa. Idan ya lalace, ba mai gyaransa a kusa. Idan duk da haka ranka na so, sayi irin wanda kwarkwaronsa ke rataye a ƙarƙashin sanda, shi ya fi sauƙin koyo. Wanda ke zaune a saman sanda, irin na 'yan gasar Amurka, idan hannunka bai saba ba jifa ɗaya zai cukurkuɗe maka zare ka wuni kana warwara. Akwai ma hanya ta uku da ba ta cin ko sisi: naɗe zare a jikin gwangwani ko kwalba, ka juya noti a sama ka saki, zaren ya zubo da kansa. Tana kai jifa nesa fiye da yadda kake zato. Sai dai kada ka taɓa naɗa zaren a yatsa, babbar tarwada za ta yanka ka har ƙashi.

Abincin ƙugiya kuwa, tana ce sarauniya, kusan kowa na cin ta. Hanjin kaza da ya ɗan kwana yana kiran tarwada daga nesa. Fara da shinge suna aiki a lokacinsu. Karfasa na son tuwo da aka murza da garin ƙuli-ƙuli, musamman idan ka riga ka watsa 'yar dusa a wurin ka ba ta lokaci ta taru. Masunta har sabulu suke yankawa su sa wa tarwada, kuma tana ci.

Abin da babu mai nuna maka a bidiyo shi ne fito da kifin. Gaɓarmu a wurare da yawa tsaye take, ruwa ya ci ƙarƙashinta. Kifi mai kilo biyu idan ka ce za ka ɗaga shi sama da sanda, ko sanda ta karye ko bakinsa ya yage. Nemi wuri mai gangare tun kafin ka jefa, ko ka riƙe 'yar homa. Kada ka tsaya a kan leɓen gaɓa da damina, yana zubawa ba sallama. Kurungu na da ƙayoyi uku masu kafewa, ɗaya a baya biyu a gefe, kama shi ta bayansu. Idan kuma ka ɗago wani mai taushin jiki, mai ƙiba, marar ƙaya a baya, to minjirya ce, yanke zaren kawai, wutarta na iya kai bolt 300. Tsayawa a gaɓa ma wata kariya ce: tsargiya, wato fitsarin jini, ta fata take shiga idan mutum ya daɗe a cikin ruwa mai kwanciya inda ƙananan katantanwa suke. Ƙugiyar da ta maƙale ba ta kai ka shiga ruwa dominta ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi duk waɗannan nauyi. Duk wanda ya fito daga gabashin Sakkwato ya san halin da muke ciki a 'yan shekarun nan. Lokacin da tarwada ta fi ci, daga faɗuwar rana zuwa dare, shi ne lokacin da ba mai hankalin da zai kasance a fadama. Kawuna yana ba ni labarin yadda da suke kwana a bakin gulbi da wuta da shayi. Yanzu kafin la'asar sakaliya ya naɗe. Wannan ma yana cikin zaɓen kaya, ko da ba a rubuta shi a jikin kwali ba. Idan da hantsi za ka fita, kusa da gari, inda masu wanki da masu lambu suke, to karfasa da kurungu za ka samu, don haka ƙananan ƙugiyoyi da siririn zare za su fi yi maka aiki. Kada ka ɓata kuɗi a kan fitilar goshi. Kayanka kada su wuce abin da za ka ɗauka da hannu ɗaya ka tashi. Ka faɗa a gida inda za ka, kuma idan mutanen wurin suka ce yau ba a zuwa, to ba a zuwa.

Da rani kuma, gurabun da suka rage ba na kowa da kowa ba ne. Da yawa akwai Sarkin Ruwa ko masu gari da ke hana taɓa su sai ranar da aka sa za a yi su. Yi sallama ka tambaya kafin ka jefa, ko a nan Kwalkwalawa ne. Masu zuba maganin ƙwari a gurbi don su kwashe kifi, da masu tace 'ya'yan kifi da gidan sauro, su suka sa ake yi wa baƙon fuska kallon tuhuma.

Kada in yi wa akwatin nawa rashin adalci. Akwai abu ɗaya a ciki da ya yi aiki: wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli kamar kan cokali. A watan Disamba, ruwa ya kwanta ya washe, na jefa shi a inda igiyar ruwa ke karyawa, na naɗo da sauri. A jifa na biyar wani abu ya doke shi kamar an fizge mini sanda, kafin in farga zaren ya dawo fayau. Tsage ne, haƙoransa sun yanke robar kamar reza. Da na ba kawu labari ya yi dariya, ya warware sili ɗaya daga tsohuwar wayar birkin keke, ya ce in riƙa sa kamu ɗaya nata tsakanin zare da ƙugiya. Cokalin kuwa ya riga ya tafi, sai na yanke kan wani cokalin shayi na huda shi gaba da baya, na sa masa ƙugiya. Da shi na kama tsage biyu kafin hutu ya ƙare.

Sauran kifayen robar, ƙanwata ta cire wa biyu ƙugiya ta mayar da su abin rataya makulli. Bakwai na nan cikin akwatina a hostal, duk mai so ya zo mu yi ciniki.